Waya, Sola da Katin Zaɓe: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Ƙauye

Na fi shekara goma ina koyarwa a makarantar firamare da safe, da yamma kuma ina zama a ɗan shagon cajin waya da na buɗe a bakin kasuwar ƙauyenmu, a ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa. Wanda ya kawo waya yakan zauna a benci ya jira ta ɗan ɗauki caji, zaman jira kuwa ba ya rabuwa da tambaya. Wasu tambayoyin na sha amsa su har na haddace, shi ya sa na ga ya dace in tara su wuri guda. Inda magana ta zama ta ra'ayi, na faɗi nawa a fili, domin mai karatu ya san inda zai iya saɓa mini.

Malam, ƙaramar waya mai madannai ce ta fi dacewa da mutumin ƙauye ko babba?

Kafin in amsa nakan tambayi mutum sau nawa yake ganin wuta a mako, saboda a nan batir ne yake yanke hukunci. Ƙaramar waya takan yi kwana uku ko huɗu da caji ɗaya, tana da tocila da rediyo, kuma idan ta faɗi a gona sai a karkaɗe ta a mayar aljihu. Babbar waya kuwa, ko da batirinta ya kai 5000 mAh, wuni ɗaya take yi a hannun mai kallon bidiyo, gilashinta kuma ba ya jure faɗuwa a kan siminti. Duk da haka akwai aikin da ƙaramar ba za ta yi ba: manomin da yake son tura wa dillali a Dawanau hoton riɗinsa, ko ɗalibin da zai duba sakamakon jarrabawa, dole ya nemi babba.

Ina yawan jin matasa suna musu a kan wadda ta fi tsakanin Tecno da Itel da Infinix, alhali dukkansu na kamfani ɗaya ne, wato Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Abin da ya sa suka cika karkara shi ne kayan gyaransu suna samuwa, ta yadda idan gilashi ya fashe mai gyara zai aika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a kawo masa wani kafin ranar kasuwa ta zagayo. Wanda yake da hali, shawarata ita ce ya riƙe biyu, ya sa layin da ya buɗe asusun banki da shi a ƙaramar, wadda ba ya ba yara aro.

Akwai laifi in sayi wayar gwanjo?

Babu laifi, matuƙar ka san a hannun wanda ka saya. Ka danna *#06# za ka ga lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15, sai ka gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasidi, ka kuma sa mai sayarwa ya rubuta ta a takarda tare da sunansa da lambarsa. Ka tabbatar ya cire asusunsa na Google a gabanka, in ba haka ba ranar da aka goge wayar za ta kulle ta nemi kalmar sirrin mai ita na farko. Wayar da aka yi maka tayinta a tasha da rabin kuɗinta, babu kwali babu rasidi, ka bar ta ko da tana sheƙi, domin ranar da aka biyo sawunta, wanda aka same ta a hannunsa shi zai fara kwana a caji ofis.

Me ya sa datata take ƙarewa da wuri? Kamfanonin nan ba sata suke yi ba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini cikin fushi. Gaskiya ne farashi ya tashi, domin a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Amma a yawancin wayoyin da nake dubawa, ɓarawon yana cikin gida. Minti ɗaya na bidiyo yana cin abin da dubban saƙonnin rubutu ba za su ci ba, kuma mutumin da yake cikin zauren WhatsApp goma, na 'yan uwa da na 'yan jam'iyya da na tsofaffin ɗalibai, wayarsa tana sauke kowane bidiyo da aka tura ko ya kalla ko bai kalla ba. A shiga saitin WhatsApp a hana shi sauke hoto da bidiyo da kansa, a hana Facebook kunna bidiyo ba tare da an taɓa ba, a kuma hana Play Store sabunta manhajoji da datar layi. Wanda ya yi waɗannan abubuwa uku zai ga bambanci a cikin mako guda.

Tun 2023 an haɗe lambobin dubawa na dukkan layuka: *310# na duba kuɗin kira, *323# na duba data, 300 kuma na kiran ma'aikatan kamfani. Idan saƙonnin talla sun dame ka, ka tura STOP zuwa 2442. Idan ana cire maka kuɗin waƙar kira ko wani abin da ba ka nema ba, ka fara kai kuka ga kamfanin, in ba su share maka hawaye ba ka kira 622, layin koke na NCC, wanda kyauta ne.

Me ya sa sai na hau kan juji ko katanga nake samun sabis?

Saboda nisa da turken sadarwa, da kuma bishiyoyi da gine-ginen da ke tsakaninka da shi. Harafin E a saman waya yana nufin sabis ɗin intanet mafi rauni, H ya fi shi, 4G ya fi su duka. Kafin ka sayi data ta wata guda, ka tambayi maƙwabtanka layin da ya fi kamawa a unguwarku, domin layin da yake gudu a Dutse yana iya rarrafe a ƙauyenka.

Ɗana ne ya yi mini rajistar layi da sunansa. Ina ruwan gwamnati da wannan?

Wata dattijuwa ce ta yi mini wannan tambaya, na ce mata, Inna, layin da ke cikin wayarki ya fi wayar daraja. Har yanzu ina kan wannan magana. Tun watan Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar zama ɗan ƙasa, NIN, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC take bayarwa. Asusun banki kuma yana ɗaure da BVN, lambar tantance mai asusu, wadda aka fara a 2014, ita ma tana ɗaure da lambar waya. Ma'ana, layin nan shi ne ƙofar da kuɗinki da duk wani tallafi da sunanki ya shiga za su biyo. Idan ya ɓata ko ya lalace, wanda NIN ɗinsa ke kai shi kaɗai zai iya dawo da shi, kuma idan ɗan yana ci-rani a Legas ko Fatakwal, sai ki zauna jiran dawowarsa. Idan kuwa an yi wani laifi da layin, shi za a nema.

Mata ne suka fi faɗawa cikin wannan matsala, saboda an saba maigida ko ɗa ya je gari ya sayo layi ya kawo gida. Ya kamata magidanta su daure su kai iyalinsu a yi musu NIN da layi da sunansu, ko da hakan zai ci wuni guda da kuɗin mota. Rajistar NIN ta farko kyauta ce a doka, amma gyaran suna ko ranar haihuwa sai an biya, kuma yana da wahala. Saboda haka a tsaya a natsu a ranar farko: idan takardar makarantar yaro ta ce Muhammad Sani, kada a rubuta Mamman Sani don haka ake kiransa a gida. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da NIN, kuma na ga ɗaliban da suka rasa shekara guda a kan harafi ɗaya. Wanda ya manta lambarsa zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, za a cire ɗan kuɗi a nuna masa.

Abu na ƙarshe a nan: layin da aka ajiye watanni masu yawa ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana da damar karɓe shi ya sayar wa wani. Idan layin banki ne, saƙonnin kuɗinka za su riƙa zuwa wayar baƙo. Ko da kiran minti ɗaya ne, a riƙa motsa shi.

Tura kuɗi ta waya ya fi riƙe tsaba aminci?

Mutanenmu ba su shiga wannan harka da son ransu ba. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, a farkon 2023 kuma tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonni ne mai sayar da akuya a kasuwar Gujungu da mai sayar da sa a Maigatari suka koyi kalmar tiransifa, wasu kuma suka karyar da dabbobinsu ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu.

A ganina tura kuɗi ya fi aminci ga mai doguwar tafiya, domin wanda ya sayar da shanu biyu ya doshi gida da daddare da kuɗi a aljihu ya san abin da yake tsoro. Amma yana da nasa tarkon. Saƙon alat ba hujja ba ce, ana ƙirƙirarsa. Kada a saki kaya sai an duba ma'aunin asusu an ga kuɗin ya ƙaru. A wurin mai POS, kai za ka danna lambar sirrinka da hannunka, ka kare da ɗaya hannun, ko da mai shagon ɗan ƙaninka ne. Dattawan da suke miƙa kati tare da faɗin lambar da ƙarfi a gaban jama'a suna ba ni tsoro. Idan an cire kuɗi na'ura ba ta biya ba, ka karɓi takardar da ta fito ka adana, da ita za ka nemi haƙƙinka a banki.

An kira ni an ce daga banki ne, za a rufe asusuna in ban faɗi lambar da aka turo ba. Me zan yi?

Ka kashe wayar. Babu bankin da yake tambayar lambar sirri ko lambar da ake turowa ta wucin gadi, kuma sanin sunanka da ranar haihuwarka ba ya nuna mai kiran ma'aikaci ne. Haka ake ƙwace WhatsApp: wani zai ce za a sa ka a zauren tallafin taki ko taron ƙungiya, ya nemi alƙaluma shida da suka shigo wayarka, da ka faɗa ya tafi da asusunka ya fara roƙon 'yan uwanka bashi da sunanka. A saitin WhatsApp akwai wurin sa ƙarin lambar tsaro ta kanka, minti biyu ya isa a yi shi.

Ɗan uwan wannan shi ne shirin da ake cewa ka zuba dubu goma ka kwashi ashirin a wata guda. MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a 2025, kuma duk wanda ya kawo maka irinta zai ce tasa daban ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wanda aka fara biya don a jawo saura yakan zama shi ne mai yaudarar danginsa ba tare da ya sani ba.

Sola ko janareta?

Kafin 29 ga Mayun 2023 ana iya musu a kan wannan. Daga ranar da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, sai lissafin ya sauya. Ni kaina a shekarar na jingine injina. Faifan sola mai ƙarfin wat 300, idan ya samu awa biyar na rana mai kyau, a lissafi zai ba da wat-awa 1500 a wuni, wato 300 sau 5, amma bayan abin da zafi da wayoyi da batir suke ci, abin da ke zuwa hannu bai fi 1000 da 'yan kai ba. Wannan ya isa cajin manyan wayoyi wajen 40, ko fitilu da fanka a gida. Ba zai ɗauki dutsen guga ko firji babba ba, duk abin da mai sayarwa zai faɗa maka.

Faifan kansa yana daɗewa, batir ne yake cin kuɗi. Batir mai ruwa ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi, kuma wanda yake kunna talabijin har sai komai ya ɗauke zai sayi sabo kafin shekara biyu. Na litiyam ya fi tsada amma ya fi juriya. A lokacin hunturu ƙura takan rufe faifai ta rage masa ƙarfi sosai, don haka a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi.

Inda sola ta fi burge ni shi ne noman rani. Manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suna da hanyoyin ruwa daga madatsar Tiga, amma mai fadama a Taura ko Auyo da yake jan ruwa daga 'yar rijiyarsa, man inji ne yake cinye ribar shinkafarsa da alkamarsa. Famfon sola ba ya buƙatar batir, tunda da rana ake ban ruwa. Illarsa biyu ce: kuɗin farko yana da nauyi, sannan faifan da aka bari a gona da daddare ba lallai ya kwana ba. Waɗanda na ga sun ci moriyarsa su ne maƙwabtan gona uku ko huɗu da suka haɗa kuɗi, suka raba kwanakin ban ruwa, suke kuma ɗauko faifan a amalanke kowace yamma.

Idan taransifoma ta ƙone, dole ne mu yi karo-karo mu gyara?

A ƙa'idar hukumar kula da wutar lantarki, NERC, sayen taransifoma da turaku da wayoyi da gyaransu aikin kamfanin rarraba wuta ne, tun da aka sayar da kamfanonin ga 'yan kasuwa a 2013. An kuma kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da ya kamata su samu a rana: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Na san cewa a aikace gari yakan gaji da duhu ya haɗa kuɗi. Idan za a yi haka, a fara rubuta koke a karɓi shaidar an kai, a sa dagaci da kansila a ciki, kuma duk abin da za a kashe a yi shi da yarjejeniya a rubuce. Kuɗin da aka miƙa wa wani a bakin turke ba tare da takarda ba, sadaka ce.

Ɗora hoton lalatacciyar hanya ko asibiti a Facebook yana da amfani?

Yana da shi, amma ba shi kaɗai ba. Hoton da ya nuna wuri da rana da abin da ya lalace, aka rubuta shi cikin ladabi, yakan kai inda takarda ba ta kai ba. Sai dai na lura cewa rubutun da ya fi tasiri shi ne wanda ya biyo bayan an bi matakai: an gaya wa mai unguwa da dagaci, maganar ta je gaban hakimi, an rubuta wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, an ajiye kwafi. A lokacin ne za a iya cewa mun kai kuka ranar kaza ba a amsa ba, kuma babu mai cewa siyasa ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, a amsa masa cikin kwana 7. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, amma hukuncin ya ba talaka hujjar tambayar ciyaman inda kuɗin rijiyar burtsatse ya shiga.

A kiyayi abu biyu. Kiran mutum ɓarawo ba tare da hujja ba yana iya kai marubuci kotu, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama mutane da ita. Na biyun ya fi damuna. Lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya a watan Oktoban 2024, aka rasa mutum fiye da 150, hotunan gawarwaki sun riga masu kai ta'aziyya isa gidaje. Wanda ya tsaya ɗaukar hoton mamaci ko majinyaci ya tambayi kansa ko zai so a yi wa mahaifinsa haka.

Tunda an kawo BVAS, an daina maguɗi ke nan?

BVAS na'ura ce da ake kaiwa rumfar zaɓe, tana tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, tana ƙirga waɗanda aka tantance, sannan ana ɗaukar hoton takardar sakamakon rumfa da ita a tura shafin intanet na hukumar zaɓe, INEC. Wannan ya toshe wata tsohuwar hanya, ta dangwala wa waɗanda ba su zo ba, domin ƙuri'un da suka haura adadin waɗanda aka tantance suna jawo soke rumfar. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 sakamako bai hau shafin a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, mutane da yawa kuma ba su gamsu ba. Sannan BVAS ba ta ganin taliya da atamfa da sabulun da aka raba a daren jajibiri. Abin da ke hannun mai zaɓe shi ne ya riƙe katinsa kada ya ba kowa ajiya ko ya bari a kwafi lambarsa da sunan tallafi, ya kuma tsaya a rumfa bayan ya jefa ƙuri'a har a ƙirga a gaban jama'a a liƙa sakamako a bango, ya ɗauki hotonsa.

Wayata ta faɗa ruwa a fadama. In binne ta a cikin shinkafa?

Shinkafa ba ta janye ruwan da ya riga ya shiga ciki, sai dai garinta ya toshe ramin caji. Ka kashe wayar nan take, ka cire layi da memori, da batir idan mai fita ne, ka goge ta ka ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Kada ka sa ta a caji don ka gwada ko tana da rai, domin a nan ne yawanci take ƙonewa, kada kuma ka kai ta kusa da murhu ko ka shanya ta a tsakar rana. Ruwan fadama yana da laka, saboda haka ko da ta kunnu washegari, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke cikinta kafin tsatsa ta kama.